Rijiyar Yara ta Ƙauyen Kirya

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, irin waɗanda gara ta ci gefensu ta bar tsakiya, cewa an yi wasu ƙasashe biyu maƙwabta, ɗaya ana ce mata Tudu, ɗaya Gulbi. Ni ban je ba, ban gani ba. Yadda na same shi haka zan ba ku, in akwai ƙari to na masu rubutun ne.

An ce Tudu ƙasa ce ta duwatsu da ƙaya da gero, sai an haƙa an haƙa kafin a ga danshi. Gulbi kuwa ruwa har ya yi musu yawa, ga kifi ga shinkafa. Tun kaka da kakanni suke yaƙi da juna, har aka manta abin da ya fara haɗa su. Sai Allah ya kawo zamanin Sarki Dambo a Tudu da Magajiya Yalwa a Gulbi, lokacin kowa ya gaji da binne samari. Wanda ya yi ta kai da kawowa har aka daidaita shi ne Waziri Mani, wazirin Sarki Dambo, wani siririn dattijo mai yawan tunani, wanda ko tuwo aka ajiye masa sai ya juya akushin kafin ya sa hannu.

Ranar ƙulla amana aka taru a kan iyaka, aka yanka raguna, aka rantse cewa daga yau ƙasa ɗaya, kasuwa ɗaya, shari'a ɗaya. Sarki Dambo ne babba, Magajiya kuma tana riƙe da mutanenta a ƙarƙashinsa. Kai, an sha guɗa ranar! Amma ku ji manya. Ga malamai, ga alƙalai, ga hakimai, kowa da rawani kamar kwando, ba wanda ya ajiye ƙashin rago ya tambaya, shin shari'a ɗayan nan ta wa ce, ta Tudu ko ta Gulbi? Har shi Wazirin mai juya akushi, abin ya wuce shi.

Don amanar ta yi ƙarfi sai aka yi musayar garkuwa. Magajiya ta ba da ɗan ƙanenta ya zauna a fadar Tudu. Sarki Dambo 'ya'yansa duk ƙanana ne, sai Waziri ya miƙa nasa, Ƙasimu, saurayi da gemu ya fara tsirowa. Shi ne ɗan farinsa, kuma shi kaɗai Allah ya bar masa. Sharaɗin a fili yake: duk ɓangaren da ya zubar da jinin mutumin ɗayan, garkuwarsa ce za ta biya da ranta.

To, kun dai san yadda ake kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Ƙasimu ba a taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. "Wancan" yake cewa, ko "yaron gidan nan". Ranar da za a tafi da shi ma Waziri bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "A sauka lafiya," kamar wanda ke sallamar baƙo. Amma daga ranar barcinsa ya ragu.

An ce shekara ba ta zagayo ba sai ga ayarin farko na fataken Gulbi ya hau Tudu, da busasshen kifi da shinkafa a kan jakuna. Madugunsu Tanimu, wani ƙato mai fara'a, wanda in ya yi dariya har cikinsa ke rawa. Bazara ce mai zafi, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Suka ɓata hanya, salkunansu suka bushe, jakuna suka fara durƙushewa. Da rana tsaka suka ɓullo bayan wani ƙauye mai suna Kirya, suka tarar da rijiya an rufe bakinta da itatuwa, an yaɓe da laka, a tsakiyar lakar kuma ga shatin tafin hannun mutum.

Madugu Tanimu ya tsaya yana salati. Ya ce wa mutanensa, "Wane marar tsoron Allah ne ya rufe ruwa? Ku fasa!" Suka fasa, suka sha, suka shayar da jakuna, suka cika salkuna, wasu har da watsa ruwa a jiki. Da za su tashi ya bar bakin rijiyar a buɗe, ya ajiye guga cike a gefe domin mai zuwa baya. Shi a ganinsa ya yi aikin lada.

Ashe rijiyar yara ce. A Tudu kowane ƙauye yana da rijiya ɗaya da ba a taɓawa. Da damina ta ɗauke, sai Uwar Rijiya, wato dattijuwar da aka danƙa wa amanarta, ta sa a rufe, ta danna tafinta a ɗanyar laka. Ba a buɗewa sai sauran rijiyoyi sun ƙafe ƙaf, sannan a riƙa rabawa moɗa moɗa, yara da masu shayarwa tukuna, har ruwan sama ya sauko. Wanda ya fasa wannan tafi hukuncinsa guda ne a Tudu, a miƙa shi ga Hauni mai sare kai.

Kafin ayarin ya yi nisa mutanen Kirya suka cim musu, suka ɗaure Madugu tamau, suka kai shi gaban Sarki. Uwar Rijiyarsu, Gwaggo Tabawa, ita ce a gaba da sandarta. Ana cikin wannan sai ga jakadan Magajiya Yalwa, don waɗanda suka tsere daga ayarin sun kai mata labari. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Magajiya tana gaisuwa. Ta ce a shari'ar Gulbi wanda ya rufe ruwa shi ne mai laifi, korarsa ake yi daga ƙasa. Tun da an ce shari'a ɗaya, a saki Tanimu, a kori tsohuwar da ta liƙe rijiya. Ta kuma ce in shaida wa Sarki, baƙonmu Ƙasimu yana nan lafiya, kuma lafiyar Tanimu ita ce lafiyarsa."

Waziri Mani ya ji kamar an zare masa ƙashin baya, amma ko gira bai motsa ba, don idon jama'a yana kansa.

Da aka tashi Sarki ya keɓe da shi, ya ce, "Waziri, kai ka ɗinka rigar nan, ga ta ta fara farkewa tun daga wuya. In na ba Hauni mutumin nan, Gulbi ta tashi. In na sake shi, dagatan Tudu sun aiko mini cewa na sayar da ruwan 'ya'yansu, ba za su ƙara kawo caffa su yi mini mubaya'a ba. Na ba ka zuwa Juma'a. Ka kawo mini hukuncin da mutumin Tudu zai ji ya ce wannan shari'ar kakana ce, mutumin Gulbi ma ya ji ya ce ta kakana ce. In ba ka samo ba, ni Sarkin Tudu ne tun kafin in zama na kowa, zan yi abin da ubana ya yi." Sannan ya sassauta murya. "Na san abin da ka ajiye a can."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba komai."

Ba komai! Ku ji irin ƙaryar dattawa. Mutumin da ya fito daga fada ya bi hanyar kasuwa maimakon ta gidansa, sai da wani ya juyo da shi.

A gida ya tarar da matarsa Dudu zaune a tsakar gida, ko wuta ba ta hura ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, ban hana ka ba ranar da ka miƙa shi, don ka ce zaman lafiyar ƙasa ne. Da hannunka ka miƙa shi. Da hannunka nake so ka dawo mini da shi." Ya juya ya koma zaure.

Ya tara alƙalan Tudu, suka ce shari'ar ƙasar da aka yi laifi ake bi, ba wata magana. Ya kira jakadan Gulbi, shi kuma ya ce mutum da shari'ar ƙasarsa yake tafiya duk inda ya je. Kowa da hujjarsa, kowa yana ɗaga murya, kwanaki kuma suna tafiya. Waziri ya rame, rawani ya yi masa yawa. Duk saurayin da ya gifta ta ƙofar zaurensa sai gabansa ya faɗi.

Da ya ga malamai ba su da abin ba shi, sai ya tashi ya nufi gidan yari. Ya tarar da Madugu Tanimu da mari a ƙafa, dariyar nan duk ta tafi. Waziri ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ce, "Madugu, ban zo tuhuma ba. Ka ga laka, ka ga tafin mutum. Me ya sa ka fasa?"

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, da ban fasa ba, da ban iya komawa gida na dubi uwata ba. Bari in ba ka labarin da ake ba kowane yaro a Gulbi kafin a koya masa iyo.

"An ce a zamanin kakan kakana an yi wata shekara ta fari. Wani ayari namu ya hau ƙasarku neman gero, da mata da yara a ciki, don yunwa ce ta koro su. Ruwansu ya ƙare. Suka iso wata rijiya, suka tarar an liƙe ta da laka, maza kuma sun kewaye ta da kwari da baka. Suka roƙa, suka durƙusa, suka ce ko yara kaɗai a ba. Aka ƙi. Suna jin sanyin ruwa ta ƙarƙashin laka, ranka ya daɗe, suna jin ƙamshinsa, haka suka riƙa mutuwa a bakin rijiyar. 'Yan kaɗan ne suka koma gida. Waɗanda suka koma su suka rantse cewa a Gulbi ba za a ƙara rufe ruwa ba har abada, kuma duk wanda ya bar ɗan Adam da ƙishirwa alhali yana da yadda zai yi, ba namu ba ne. Wallahi ni da na ga lakar nan, kakannina na gani kwance a wurin. Ban san ta yara ba ce. Da na sani..." Sai ya sunkuyar da kai.

Waziri ya fito jikinsa a sanyaye. Daga nan ya wuce masaukin Gwaggo Tabawa. Ya same ta a gindin bango tana kaɗi, 'yar ƙaramar tsohuwa mai ido kamar na shaho. Ya gaishe ta da ladabi, ta amsa a taƙaice.

Ta ce, "Waziri, in roƙo ka zo, ka koma. Na ji ɗanka yana hannunsu, Allah ya kuɓutar da shi. Amma ni ma 'ya'ya ne a hannuna, kuma sun fi naka yawa."

Ya ce, "Gwaggo, tambaya na zo yi. Wa ya fara danna tafi a laka?"

Ta ajiye mazari, ta dube shi, kamar ba ta zaci wani daga fada zai taɓa tambayar wannan ba. Ta ce, "Kakar kakata ce, a Kirya ɗin nan. A da mu ma ba ma rufe ruwa. An yi wata shekara ta fari, rijiyoyi duk suka ƙafe sai guda. Sai ga wasu fatake da raƙuma, ba a san daga inda suka fito ba. Aka yi musu maraba, aka ce su sha. Suka sha, suka shayar, suka cika salkuna, suka yi godiya suka tafi. Da gari ya waye guga sai laka yake ɗebowa. Kafin rijiyar ta sake tara ɗan abin da ta tara, an binne yaran Kirya har aka daina ƙirga. Ita kanta ta binne duk waɗanda ta haifa zuwa lokacin. Shi ne ta sa aka rufe, ta danna hannunta, ta ce wanda ya fasa a kashe shi."

Waziri ya ce, "Daga nan fa?"

Tsohuwa ta matso kusa da shi. Ta ce, "Wannan ba a cika faɗa ba, Uwar Rijiya ce ke gaya wa mai gadonta. Ba a jima ba wani ayari ya zo, talakawa, da mata da yara. Suka yi ta roƙo. Ba a buɗe ba. An ce kakar kakata har ta mutu in ta zo wucewa ta wurin sai ta toshe kunnuwanta."

Nan take Waziri ya gane. Ashe rijiya ɗaya ce, shekara ɗaya ce. Mutanen Tudu sun riƙe farkon labarin, na Gulbi sun riƙe ƙarshensa, kowa ya gina shari'arsa a kan nasa kabarin. Ya kwashe abin da Tanimu ya gaya masa ya faɗa mata. Ta ɗauki mazari ta yi ta juya shi a hannu.

Ya ce, "Gwaggo, ruwan da ya rage zai kai ku damina?"

Ta ce, "Ina! Ba zai kai ba."

"In Hauni ya sare kan Madugu, zai kai?"

Ta harare shi, ta ce, "Kada ka yi mini wayon fada. Ba zai kai ba. Amma in aka sake shi, gobe wani ya zo ya fasa, jibi wani. Hukuncin kisan nan ne kaɗai abin da muka sani yana tsare ruwan."

Waziri ya yi mata sallama. Ya samu bakin zaren, amma bai ji daɗi ba, don ya hango abin da za a nema daga gare shi.

Ranar Juma'a fada ta cika maƙil, dagatan Tudu a dama, jakadan Gulbi da mutanensa a hagu, Hauni a tsaye can baya. Waziri Mani ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nemi izini, ya ba da labaran nan biyu a jere, na Gwaggo tukuna sannan na Madugu.

Ya juya ga jakada ya ce, "Ku mutanen Gulbi, shari'arku ta ce wanda ya bar ɗan Adam da ƙishirwa alhali yana da yadda zai yi, ba naku ba ne. To ga yaran Kirya, Tanimu ya bar su da ƙishirwa, ku kuma kuna da kogi. Shari'arku ce ta ɗora masa ya ɗebo ruwa daga Gulbi a kan jakunansa, ya yi ta kawowa har sama ta zubo. Ko na yi mata ƙari?"

Jakada ya sosa ƙeya, ya ce, "Ba ka yi ba. Tamu ce."

Ya juya ga dagatai. "Ku kuma kakanninku sun sa takobi ne don ruwa ya kai yara damina. Tafin Uwar Rijiya yana nan daram, daga yau ya hau kan mutumin Gulbi kamar yadda ya hau kan na Tudu. In ruwa ya iso kafin rijiyar yara ta ƙafe, abin da takobi ke tsaro ya tsaru. In bai iso ba, ga Hauni can. Sai dai akwai bashin waɗanda suka mutu a bakin laka. A gefen kowace rijiyar yara za a girke randa domin matafiyi, ba laka, ba tafi, sai faifai da moɗa. Duk ayarin da ya hau Tudu ya zuba mata daga salkarsa, wanda ya zo da ƙishirwa ya sha ba sai ya roƙa ba."

Aka fara gyaɗa kai. Sai dagacin Kirya ya miƙe, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, magana ta yi daɗi. Amma in aka kwance mutumin nan ya tsallaka iyaka, wa zai dawo da shi? Mu zauna muna kallon hanya, yara na mutuwa, Hauni kuma ya sare wa?"

Waziri ya san za a zo nan. Ya cire rawaninsa ya ajiye a gaban Sarki, ya ce, "Ni. Zan je Kirya in zauna a bakin rijiyar, in sha abin da babba ke sha a can. Ranar da guga ya fito babu ruwa, Tanimu kuma bai iso ba, wuyana ne a madadin nasa."

Fada ta ɗauki salati. Sarki Dambo ya zuba masa ido, ya gane abin da jama'a ba su gane ba tukuna. In Hauni ya sare Waziri, jinin Tudu ne ya zuba a Tudu, Gulbi ba ta da abin ramawa a kan garkuwar da ke hannunta. Ruwa ya zo ko kada ya zo, Ƙasimu ya tsira. Sarki ya ce a hankali, "Waziri, ka tabbata?"

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na juya shi ta kowane gefe."

Aka cire wa Tanimu mari. Ya kama ƙafar Waziri yana kuka, Waziri ya ce, "Tashi, Madugu, hawaye ba ya cika tulu. Yi sauri."

An ce zaman da Waziri ya yi a Kirya, ba a fatan maƙiyi ya yi irinsa. Sauran rijiyoyi suka ƙafe, aka koma kan ta yara. Kullum da safe Gwaggo Tabawa za ta zura guga, kullum sai an ƙara wa igiya tsawo. Yara a sha, masu shayarwa a sha, manya a jiƙa maƙogwaro. Leɓen Waziri ya tsage, muryarsa ta dushe. Sama fes, ko gajimare babu. Ya zauna a gindin bishiyar kirya yana kallon hanyar Gulbi har idonsa ya riƙa nuna masa jakunan da babu su. Wani mai wucewa ya kawo labari cewa a Gulbi ana ta gardama, wasu na cewa Tanimu ya tsira, wace wauta za ta mai da shi? Daga ranar mutanen ƙauye suka rage gaishe shi.

Tsoron mutuwa yana ji, kada wani ya ce muku ba ya ji. Amma abin da ya fi cin ransa shi ne Dudu ta ce ya dawo mata da ɗanta da hannunsa, ga shi zai tafi bai ko ƙara ganin fuskar yaron ba, bai taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya.

Da ruwa ya fara fitowa ja, sai ga Hauni ya iso daga birni. Mutum ne mai ladabi, wannan shi ne abin haushin. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina gajiya? Sarki ne ya ce in zo in zauna kusa." Ya shimfiɗa buzunsa a ɗaya gefen bishiyar, ya juya wa Waziri baya don kunya.

Wata safiya Gwaggo ta zura guga, aka ji ya bugi ƙasa. Ta jawo, rabinsa taɓo. Ta tace a tsumma, ta ba jarirai, bai kai ga masu tafiya ba. Mata suka fara kuka. Dagaci ya zo ya tsaya, ya kasa haɗa ido da kowa, ya ce, "Uwar Rijiya, ke ce mai faɗa. Ta ƙafe?"

Tsohuwa ta dubi gugan, ta dubi Waziri. Ta ce, "Akwai danshi. Ban ce ta ƙafe ba. A bar ni in sake zurawa da la'asar." Kowa ya san abin da zai fito da la'asar, har ita.

Waziri ya yi taimama ya yi azahar, ya kira dagaci ya ba shi saƙon da zai kai wa Dudu. Rana ta karkata. Gwaggo ta ɗauki guga tana jan ƙafa, ita da ba ta taɓa nawa a bakin aiki ba. Tana cikin warware igiya sai wata mata ta ƙwalla ƙara tana nuna gangare.

Jakuna ne. Ba na Tanimu kaɗai ba, jakuna ne har iyakar gani, kowanne da salkuna a rataye suna ɗiga, ga takarkarai a baya ɗauke da randuna. Ga Tanimu yana gudu yana haki, cikinsa na rawa. A gabansa kuma, riƙe da igiyar jakin farko, wani dogon saurayi ne da gemu ya cika masa fuska.

Waziri ya miƙe. Ya duba, ya sake dubawa. Sai kawai aka ji dattijon nan mai kunya, da dusasshiyar muryarsa, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa: "Ƙasimu! Ƙasimu!"

Saurayin ya tsaya cak, don bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Ya saki igiya ya rugo, ya zube a gaban ubansa. Waziri ya dafa kansa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, a gaban dagaci, a gaban Hauni, a gaban kowa.

Gwaggo Tabawa ta share ido da gefen zane, ta ce, "A'a, Waziri! Sunan ɗan fari a bainar jama'a? Ina kunyar?"

Ya ce, "Na faɗa, Gwaggo. In an matsa mini ma zan ƙara."

Tanimu ya ba da labari yana numfashi sama sama. Gardama ce ta tsayar da su, har Magajiya Yalwa ta tara mutanenta ta ce, mutumin da ya ajiye wuyansa domin ɗanmu, da wane ido za mu ci gaba da riƙe nasa? Ta sa aka tattaro kowane jaki da ke Gulbi, ta ce wa Ƙasimu ya ja gaba, kuma kada ya dawo sai in ziyara ya so. Ta saki garkuwar Tudu tun ba a saki tata ba.

Aka shayar da yara tukuna, kamar yadda shari'ar Tudu ta ce. Aka girke randa a gefen rijiya, Gwaggo da kanta ta cika ta, ta ɗora faifai, ta miƙa wa Tanimu moɗar farko, ta ce, "Sha, ɗan nan. Wannan tun ta kakanninka ce, ta daɗe tana jiransu." Hauni ya naɗe buzunsa ya kama hanyar birni, an ce har da 'yar waƙarsa.

Da labari ya kai ga Sarki Dambo sai ya ji kunya, ya sa aka mai da ɗan ƙanen Magajiya gida da kyauta mai yawa, aka daina riƙon garkuwa tsakanin ƙasashen nan. Ya mai da wa Waziri rawaninsa da hannunsa, ya kafa majalisa ta dattawan Tudu da na Gulbi, maza da mata, ya sa shi a kanta. Aikinsu guda ne: duk dokar da ta ci karo da 'yar'uwarta, kafin a ce wacce za ta bi wacce, sai an zauna an ji abin da ya sami kakannin da suka kafa kowacce. Waziri kuwa bai tsaya bikin fada ba. Ya kama hannun Ƙasimu ya kai shi har tsakar gida, ya ce wa Dudu, "Ga shi." Ranar aka hura wuta a gidan.

Masu littafin sun rufe da cewa, haɗa ƙasa da rantsuwa da naman rago abu ne mai sauƙi, amma ba ta haɗuwa sai kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya binne har ya kafa dokar da yake gani kamar ta zalunci. Ni kuma abin da zan ƙara kaɗan ne: in za ku yi alkawari, ku ajiye ƙashin ku yi tambaya tun ana zaune. Iyakar abin da gara ta bar mini ke nan, Allah ya sa mu amfana.